Shekarar da Kalla Ya Yi a Abijan

Kalla bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi yawa da idonsa ya taɓa gani shi ne wanda ke taruwa a gindin dutsen garinsu da damina, ya ƙafe kafin a gama yankan dawa. Amma a Kalgawa, wani ƙauye a cikin duwatsun Keita, in gardamar teku ta tashi a gindin itacen bedi shi ake aika wa ya zo ya raba. Sai ya gyara zama, ya ce ruwan gishiri gare shi kuma ba a hangen ƙarshensa. Waɗanda suka je suka dawo sun tarar haka abin yake, saboda haka ba wanda ya taɓa kama shi da ƙarya.

Gaskiyar maganar ita ce, shekarar yunwa Kalla ya gangara fadamar Madawa aikin albasa, ya bar ƴaƴa uku a gida da rumbun da ko ɓera ya daina leƙawa. Wata rana ya ga injin ban ruwa a bakin rijiya, mai shi ya tafi sallar Juma'a. Ya ɗora shi a amalanke ya kai kasuwar gaba, kuma cikin duk mutanen da Allah ya tara a kasuwar nan bai samu wanda zai yi wa talla ba sai ƙanen matar mai injin. Wata goma sha huɗu aka ba shi a gidan kaso.

To, a ƙasar Adar namiji ba ya shiga kaso. Ba wai ba sa laifi ba ne, suna yi daidai gwargwado kamar kowa. Sai dai kowace kaka rabin mazan gari tashi suke yi su tafi biɗa, wato ci-rani, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya, kuma ba mai bin sawun wani ya ga inda ya sauka. In labari marar daɗi ya iso gida, dattijon gidan yakan haɗiye shi, ya ce wane ya wuce gaba neman abinci. Haka Yaƙubu, yayan Kalla, ya yi. Matar Kalla kaɗai ya gaya wa, wato Tabawa, don karsanarta za a sayar a yi masa kayan dawowa. Ranar da aka buɗe wa Kalla ƙofa, Yaƙubu na tsaye a waje da sabon akwatin ƙarfe, a cikinsa rediyo da atamfa biyu da sabulu mai ƙamshi. Suka yi mako uku a gidan wani amini ana ɗura masa fura da nama har kumatunsa suka dawo, wani tsohon sofer, wato direba, kuma yana koya masa sunayen unguwannin Abijan da yadda ake zagin ɗan kamasho a can. Takardar sakinsa Yaƙubu ya cusa ta a murhu. Ranar kasuwa Kalla ya sauko daga kamyo, wato babbar motar kaya, da baƙin tabarau, mata suka yi guɗa.

Yaƙubu ya rasu bayan shekara uku, ya tafi da nasa rabon maganar. Saura Kalla da Tabawa, da wani mutum na uku wanda Kalla ke roƙon Allah kullum ya mantar da shi.

Mutumin nan shi ne Mahamud, mai shigar da ƙara na gwamnati a kotun da ta ɗaure Kalla, wanda kowa ke kira Purokire. Ɗan ƙasar Buza ne, ɗan manomi, kuma Allah ya yi masa wata irin baiwa da ba ta amfani kowa ba sai shi: ba ya mantuwa. In ya ga fuskarka sau ɗaya a gaban alƙali, to ya riƙe sunanka da na ubanka da lambar dosiyenka, wato fayil ɗin shari'arka, da launin akuyar da ka sata. Shekara ashirin da biyu ya yi yana neman a ɗaure mutane, yawanci kuma ana ba shi abin da ya nema. Sannan wata safiya ya tashi ya ga cewa talakawa na bukatarsa a majalisa. Talakawa dai ba su aiko ba. Ya ajiye baƙar rigar shari'a, ya ɗinka manyan fararen riguna, ya je Makka ya dawo, ya shiga takara.

Wani ya gaya masa cewa siyasa ba komai ba ce illa sanin mutane da sunansu. Ya ce in haka ne ai an gama zaɓe.

A Allakaye ya fara, a wurin wani suna, maza cike da ƙofar gida ana rabon goro. Ya sauko daga mota yana murmushi, ya hangi uban jariri, ya ware hannuwa.

"Hamza ɗan Lalla, kai na? Raƙumi guda, shekara biyu. Ka tuna ka ƙi amsa laihi sai da anka jawo raƙumin har cikin jistis gaban alƙali? Ka yi ƙiba, wallahi na ji daɗi."

Surukan Hamza na zaune a tabarmar gaba, su da suka ba shi ɗiya bisa cewa shekara biyun nan a Duwala ya yi su yana sayar da agogo. Purokire ya wuce yana raba gaisuwa, yana ganin ya taɓa zuciyar talaka. Haka ya bi ƙasar, daga Sabon Gida zuwa Buza zuwa Keita, kasuwa-kasuwa, yana kiran mutane da sunansu. Auren da ya mutu a bayansa ba ɗaya ba ne ba biyu ba. Wani ladan ma barin gari ya yi. Har ta kai in an hangi farar motarsa, maza sai su tuna suna da aiki a daji.

Ranar da aka ce zai zo Kalgawa, Kalla ya ce zai gyara rumbu daga ciki. Ya shiga tun hantsi, Tabawa ta rufe masa, yana ciki yana jin muryar nan da ya sani ko cikin barci tana alkawarin adalci ta lasifika. Sai bayan la'asar ya fito, jikinsa duk ƙaiƙayi. Da aka ƙirga ƙuri'u Purokire ya sha kaye har a garin da aka binne cibiyarsa, Kalla kuwa ya yanka zakara ya ce sadakar iyaye ce.

Shekara biyar suka wuce lafiya. Kalla ya fara furfura, ya aurar da babbar ɗiyarsa Karima ga ɗan limamin gari. Da aka zo kafa kwamitin da zai riƙa kula da filayen gari, mutane suka ce a ba wanda ya ga duniya, aka ba shi shugabanci da hatimi a cikin ɗan gwangwani. Ya riƙe amanar da kyau, wannan kam ba mai musu. Tun injin nan bai sake taɓa ko allurar wani ba.

Shi ma Purokire bai zauna banza ba. Ya ɗauki faɗuwarsa ya yi mata karatun dosiye, shafi-shafi, har ya gano inda kuskuren yake. Ashe abin da ya riƙa rabawa kyauta a bainar jama'a shi ne jarinsa gaba ɗaya. Ya kama bakinsa, ya jira.

Zaɓe na gaba na ƙaratowa, wata safiya Kalla na gyaran darnin gidansa sai ya ji mota ta tsaya a bayansa. Ba lasifika, ba maroƙi, ba wanda ya yi shela. Da ya waiwaya sai ya ga farar riga. Rumbu na can cikin gida, taku talatin kacal, amma Purokire ya riga ya iso gabansa.

Purokire ya kama hannunsa da hannu biyu, ya tambayi lafiyar gida da ta bisashe da yadda damina ta yi, a hankali, kamar mutumin kirki. Sannan ya ja shi gefe, nesa da sofer.

"Malam Kalla, an ce mini ka yi Abijan."

"Na yi, ranka shi daɗe."

"Madalla. Shekarar yunwa, ko? Wata goma sha huɗu. Ba ƙaramar tahiya ba ta." Ya yi murmushi. "Mutum irinka da yag ga duniya, shi nika biɗa shi riƙa mini jam'iyya garin ga. Ko kana da wani uzuri?"

Kalla ya duba, bai ga uzuri ba. Aka sauke masa hula da tuta da hotuna daga bayan mota.

Bayan mako biyu aka kira shugabannin jam'iyya na ƙauyuka taro a Buza. Kalla ya shiga zauren da kai a sunkuye, ya zauna a bencin baya. Da ya ɗaga ido sai ya ga ƙeyar da ya sani. Bashiru ne, mutumin Allakaye, wanda suka yi wata shida suna kwana kafaɗa da kafaɗa kusa da bokitin fitsari. Gaba kaɗan ga Yaro na Sabon Gida, wanda ke yi wa fursunoni aski da gutsuren reza. Mutum sittin ne a zauren. Kalla ya gane goma sha ɗaya, sauran kuma daga yadda kowa ke kallon takalminsa ya san hanya ɗaya suka biyo. Bai taɓa ganin taron siyasa mai shiru irin wannan ba.

Da aka fito shan ruwa Bashiru ya matso, idonsa na kallon wani wuri dabam.

"Perzidan na Kalgawa, ina kac ce ka yi biɗa?"

"Abijan."

"Ka yi sa'a. Ni Legas ta hwaɗo mini, har Turanci sai da anka koya mini."

Suka yi ƴar dariya, irin wadda ba ta wuce maƙogwaro.

Jam'iyya ce da ba a taɓa ganin irinta ba a Adar. Shugabanninta ba sa neman kuɗin mai, ba sa fushi, ba sa sauya sheƙa. In an ce taro da hantsi, tun sanyin safiya suna nan. Ƴan adawa suka yi ta aikawa da buhunan shinkafa ko za su samu mutum ɗaya, buhunan suka riƙa komowa a ɗinke. Wani malamin jami'a ma ya faɗa a rediyo cewa wannan ita ce ɗa'ar siyasa, ya kamata matasa su yi koyi. Purokire ya ci zaɓe da rata mai yawa, ya zama dipite, wato ɗan majalisa, sunansa ya koma Onorabul. A majalisa aka sa shi kwamitin dokoki, don wa ya fi shi sanin doka. Abu na farko da ya tsaya a kansa kai da fata shi ne a hana kowa buɗe tsofaffin dosiyoyin kotu, saboda mutuncin waɗanda suka tuba. Kalla ya ji jawabin a rediyo har idonsa ya kawo ruwa. Sai da ya yi kwana biyu sannan ya lura cewa in aka yi haka ma'ajiyar za ta rage guda ɗaya a duk ƙasar, wadda ke ƙarƙashin hular Onorabul.

Duk da haka, a faɗi gaskiya, igiyar ba ta cika shaƙe shi ba. Ya tara mutane in an ce ya tara, ya yi tafi in an zo wurin tafi, aka sake zaɓe aka sake ci. Da an bar shi, da haka zai mutu. Sai Onorabul ya ɗaga ido ya ga dabagin Kalgawa.

Dabagin nan tudu ne shimfiɗaɗɗe a bisa gari. Lokacin ƙuruciyar Tabawa fako ne, ko ƙaya ba ta fita. Da furoje, wato shirin gyaran ƙasa, ya zo matan garin ne suka hau, don maza na can biɗa. Shekara da shekaru suna ɗaukar duwatsu a ka suna jerawa don su tare ruwa, suna haƙa ramuka suna dasa itatuwa. Tabawa ta yi ɓari a can sau ɗaya, kuma har yau ba ta iya juya wuyanta hagu sai ta juya da jikinta duka. Yanzu wurin na yin ciyawa har gwiwa, a nan awakin gari ke kiwo, mata na tsintar ƙaro da itacen girki. Onorabul ya ce wuri irin wannan bai kamata a bar shi a hannun awaki ba, zai kewaye shi da waya ya zuba shanun zamani, don ci gaban karkara. Takardar na bukatar hannu biyu, na maigari da na shugaban kwamitin filaye. Maigari tsoho ne da aka yi wa alkawarin kujerar Makka, ya ce duk abin da Kalla ya yi shi ma ya yi.

Kalla ya samu Tabawa a bayan ɗaki tana sheƙar gero, ya zauna a kan turmi ya gaya mata.

"Malam, kak ka sa hannu," in ji ta, ba ta daina sheƙa ba.

"In ban sa ba, kin san abin da za shi hwaɗi. Ki tuna gidan da Karima take."

Ta ajiye ƙwarya.

"Sunanka da dabagin ga, duka biyu bisa kaina niɗ ɗauke su. Ni ba ni iya zaɓa ma. Kai ka duba wanda za ka yar."

Kwana uku Kalla na juya maganar a gona. Ya ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda ke sa mutum ya rasa ko ya yi azahar ko bai yi ba. Amma a rana ta uku wata dabara ta zo masa, mai sauƙi har ya yi mamakin yadda mutum sittin ba su gan ta ba. Abin da Onorabul ke riƙe da shi magana ɗaya ce. In shi Kalla ya riga shi faɗa, me ya rage a hannunsa? Za a karɓe hatimi, za a daina kiransa raba gardama, wataƙila surukai su sauya fuska. Amma kafin nan zai ƙi sa hannu a gaban kowa, kuma daga ranar ba mai sake jan sa. Ya tsara kalmomin yana faɗa wa karan dawa har suka zauna masa a baki. Bai gaya wa Tabawa ba.

Ranar sa hannu aka kafa rumfuna a filin lakwal, wato makarantar boko, aka jera kujerun roba, maza a gaba, mata a gefe a inuwar bedi. Takarda na bisa tebur, an danne ta da dutse. Bayan liman ya buɗe da addu'a aka miƙa wa shugaban kwamiti mikoro, wato abin magana na lasifika, ya yi wa baƙi maraba. Ya riƙe shi da hannu biyu.

"Jama'a, ni ban taɓa zuwa Abijan ba. Shekarar yunwa injin ruwa nis sata Madawa, anka kama ni, niy yi wata goma sha huɗu kaso. Wanga da az zamne nan shi yan nemi a ɗamre ni, kuma gaskiyatai ta. Na hwaɗi da bakina don kowa shi ji. Takardag ga kuwa ba ni sa mata hannu."

Kalla ya ji wani sauƙi ya sauko masa tun daga kafaɗa, irin wanda bai ji ba shekara goma sha bakwai. Ya ga liman ya sunkuyar da kai. Ya ga dattawa na kallon ƙasa, kuma abin da ke fuskarsu ba mamaki ba ne, kunya ce ta wanda babba ya tuɓe a gabansa. Bai duba wajen mata ba.

Onorabul ya tashi a hankali, ya gyara hannun riga, ya karɓi mikoro da ladabi. Fuskarsa cike da tausayi.

"Jama'ar Kalgawa, shekara ashirin da biyu ina aikin shari'a. Cikinku akwai wanda yat taɓa jin na mance huskar mutum?"

Aka yi gunaguni cewa babu. Wannan kam duk Adar ta shaida, wasu da aurensu suka shaida.

"Tau ni ban taɓa ganin wanga bawan Allah gaban alƙali ba. Malam Kalla, mi al lambar dosiyenka?"

Kalla ya buɗe baki. Bai sani ba, ba a taɓa gaya masa ba.

"Sunan alƙalin hwa?"

"Wani dogo na, mai tabarau."

"Dogo mai tabarau. Takardar saki tana ina?"

"An ƙone ta."

"Wa yaƙ ƙone ta?"

"Yayana Yaƙubu."

"Allah shi jiƙan Yaƙubu," in ji Onorabul, jama'a suka amsa da amin. "Ba lamba, ba suna, ba takarda, shaida guda kuma shina kabari. Da wanga dosiye ko kaza ba a ɗamrewa."

Wasu suka yi dariya, dariyar mutanen da aka nuna wa mafita. Ya juya ya tambayi wa ya ga saukowar Kalla daga kamyo, hannuwa suka tashi, har na waɗanda lokacin suna goye. Kalla ya yi ta cewa wallahi ya yi sata, amma mikoro ba ya hannunsa.

Sannan Onorabul ya taka har inuwar da mata suke, ya ɗan rusuna.

"Uwargida, ke kaɗai ba a tambaya ba. Shekarar yunwa, ina maigidanki shike?"

Sai a lokacin Kalla ya duba. Tabawa na zaune a tabarma, Karima a jikinta da jariri a cinya, uwar mijin Karima a ɗaya gefen. Karima ba ubanta take kallo ba, uwarta take kallo, bakinta a ɗan buɗe. Tabawa ta juyo da jikinta duka ta dubi mijinta. Ya ga ta san abin da yake roƙo, ya ga kuma ba za ta iya ba.

"Abijan," in ji ta.

Filin nan duka ya sauke ajiyar zuciya. Onorabul ya koma tsakiya ya bayyana wa jama'a abin da ya faru, tunda dama aikinsa ne bayyana wa mutane abin da ya faru da su. Aiki ya yi wa Malam Kalla yawa, ga rana, ga kuma maƙiya da ba sa son ci gaban Kalgawa, waɗanda kowa ya san ba sa zama banza. Mutum mai gaskiya in aka jefe shi ta nan abin ke fitowa, ya riƙa ɗora wa kansa laifin da bai yi ba. Tsofaffi suka gyaɗa kai, kowa ya tuna wani da aka taɓa yi wa haka. Gari ya fi son a ce an jefi shugabansa da a ce ɓarawo suka ba hatimi shekara da shekaru, har gidan liman ya haɗa jini da shi.

Tunda shugaba ba shi da lafiya, doka ta ce mataimakinsa ya sa hannu, kuma Onorabul ya karanto ayar dokar da ka. Mataimakin mutum ne mai shiru-shiru da ya yi shekara uku a Libiya. Ya zo ya sa hannu bai ɗaga kai ba, maigari ya dangwala yatsa, aka yi tafi.

Kafin ya shiga mota Onorabul ya rungume Kalla a gaban kowa, ya daɗe yana bubbuga bayansa, mata na cewa Allah sarki. Ya kai bakinsa kusa da kunnensa.

"Ɗari biyu da sha bakwai," ya ce a hankali. "Lambar dosiyen. Ka riƙe, ko wani ya sake tambaya."

Bayan kwana takwas kamyo ya hau dabagi da turakun ƙarfe da naɗin waya. Daga gidan Kalla ana jin bugun guduma tun safe. Shi kuwa an shimfiɗa masa tabarma a zaure, an sa masa matashi, don masu dubiya ba sa yankewa. Ba a taɓa girmama shi kamar wannan makon ba. Ba wanda ya ambaci abin da ya faɗa, ko da wasa. In ya fara sai a ce ya kwanta ya huta, a dubi juna.

Da hantsi liman ya aiko da rubutun karya sammu. Tabawa ta kawo shi a ƙoƙo, ta durƙusa a gabansa, ta miƙa da hannu biyu. Maza biyar na zaune a zauren suna kallo. Ya dubi ƙoƙon, ya dube ta. Idonta ya yi ja, kuma duk lokacin da aka buga guduma sai ƙoƙon ya ɗan motsa a hannunta. Ya so ya ce mata bai riƙe ta da komai ba, amma ba wurin faɗa.

Ya karɓa, ya yi bisimilla, ya shanye duka.

"Ƙaƙa jikin, Malam Kalla?" in ji ɗaya daga cikin masu dubiya.

"Da sauƙi," ya ce.